Goran Ari Ba Zai Je Kwatano Ba

Shafi na 19

Kun matsa a bar Falmata ta yi magana. To, ga ta nan.

"Ka ce ƙirjinka ne."

Ari bai ɗago kai ba. Yana zaune a kan turmin da aka kife a tsakar gida, ya rungume goransa tsakanin gwiwoyi yana bin sa da tsumma da man gyaɗa. Babban gora ne, irin wanda masuntan Komadugu ke kwanciya a kai su bi ruwa, suna jefa kifi ta bakinsa. Goran ya daɗe rabonsa da kogi, amma bai taɓa kwana da ƙura ba.

"Baban Fiddausi, da kai nake. Ka ce musu ƙirjinka ne ya tashi. Kowa ya san kana tari tun damina. Ba wanda zai ce ka yi ƙarya."

"Ni zan san na yi."

"To ka sani, kana raye."

Ya ci gaba da shafa.

Yau bayan la'asar ƙungiyarsu ta waɗanda rikici ya kora daga bakin kogi za ta zauna ta yanke magana. Wata ONG, ƙungiyar agaji, ta yi musu alkawarin tafiya guda, su zaɓi gari da kansu. Mutum uku za su shiga gasa, sauran su bi su da mata da yara, a huta mako ɗaya, a kwana inda ba a jin harbi. Gasar kashi uku ce. Mai iyo ya fara, ya fito ya taɓa mai keke, mai keke ya dawo ya taɓa mai gudu. Keke na Ilu ne. Gudu na Madam Rashida. Iyo kuwa ko shawara ba a tsaya yi ba. Wa zai shiga ruwa Ari na nan? Giwan Ruwan Geskeru, wanda ranar da mutanen tsallake suka gudo ya yini yana kai da kawo a kogi, yana ɗauko mata da yara a bayansa. Saboda labarinsa ma ONG ɗin ta zaɓe su. In babu shi, babu tafiya.

Kuma Ari bai iya iyo ba.

Mutum biyu suka rage a duniya da suka san haka, ga su nan a tsakar gida ɗaya.

Wansa ne ruwa ya ci a gaban idon babansu, tun Ari bai yi wayo ba. Daga ranar tsohon ya ɗora shi a kan gora, ya sa shi ya rantse ba zai taɓa shiga ruwan da ya wuce masa ƙugu ba sai da gora a ƙirjinsa. Ya girma a haka, ya fi kowa gwaninta a haka. Sauran masunta ma a kan gora suke, amma su in ya fashe sai su yi iyo su fita. Kowa ya ɗauka shi ma haka yake. Ba wanda ya taɓa tambaya, don ba a tambayar masunci wannan. Iya, mahaifiyarsa, ita ta gaya wa Falmata cikin satin bikinsu, da murya ƙasa-ƙasa. Iya ta rasu a sansanin Asaga, a ɗakin tamfol.

Da aka sa sunansa a gasar bai yi musu ba, don ya ɗauka da goransa zai shiga. Sai makon jiya Madam Rashida ta nuna musu bidiyo a portabul ɗinta: mutane na faɗawa ruwa daga su sai ɗan wando da hular roba. Ari ya ce, "Ina gorunansu?" Aka kwashe da dariya, aka ce Giwan Ruwa ya iya ba'a. Madam Rashida ta ce ko robar ruwa ba a yarda mutum ya riƙe ba.

Shi ma ya yi dariyar. Falmata kaɗai ta ga gumin da ya keto masa a wuya.

"Na ga wandonka jiya," ta ce. "Jan laka. Ba lakar kogi ba ce. Ta ramin Gagamari ce, inda aka ɗebi ƙasar kwalta."

Hannunsa ya tsaya.

"Na ji ka a bayan ɗaki kana amai. Ruwa zalla."

"Koyo nake."

"Me ka koya?"

Ya sake dangwalo man gyaɗa.

"Na ce me ka koya?"

"Ina kaiwa tsakiya."

"Tsakiyar ramin da awaki ke ƙetarewa."

"Akwai sauran wata biyu, Falmata."

"Ka tsufa a cikin ruwa ba ka koya ba. Wata biyun ne za su koya maka?"

Ya juya goran, ya kama ɗaya gefen.

"Ilu ya ce ruwan gishiri ɗaga mutum yake. Ya ce ko kwanciya kawai ka yi, shi zai riƙe ka."

"Ilu ya taɓa ganin teku?"

"Ya ji a wurin direbobi."

"Ya ji a wurin direbobi." Ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana miyar da ta lalace. Ta jawo kujera ta zauna a gabansa, har gwiwarta na taɓa goran. "To ji nawa. Gari uku aka ba mu. Kwatano teku ne. Yamai kogi ne da ya fi namu faɗi. Amma na Damagaram a pisin ake yi, tafkin siminti na otel. Na tambayi Madam, ta ce ruwan iyakarsa ƙirji. In ka gaji ka dire ƙafa."

"In yi tafiya a cikin ruwa kamar saniya, ana ɗauka a waya."

"Saniyar za ta dawo gida."

"Da wane ido?"

"Da biyun da ta tafi da su."

Ya ajiye tsumman. Karon farko ya dube ta sosai, kuma da ma bai duba ba, don ba fushi ta gani a idonsa ba. Gajiya ce.

"Gonar tattasai ta tafi. Taruna sun ruɓe a rataye. Gidan da na gina, kin ga hotonsa, ba rufi. Ranar rabon abinci ina layi a bayan matan da na ɗauko a bayana. Abu ɗaya ya rage mini. In na ratsa kasuwa sai in ji wani na ce wa ɗansa, ka ga wancan, shi ne Giwan Ruwa. Shi kike so in kai Damagaram in zubar a tafkin siminti?"

"Mu fa? Ni da Fiddausi ba mu rage maka ba?"

Ya tashi ya rataye goran a ƙusarsa, ya ɗauki buta.

Falmata ta bi bayansa da kallo. Ba ta gaya masa ba, amma kwanakin nan ta bi matan ƙungiya gida-gida. Ta ce musu hanyar Kwatano da nisa, yara za su jigata, tsofaffi ba za su iya zaman kar, doguwar motar nan, ba. Ta ce Damagaram kusa ce, akwai dangi, akwai abincin da aka sani. Maimunatu mai ƙosai ta dafa ƙirji ta ce wa Falmata ta bar mata sauran matan. Da wannan kaɗai ta riƙe zuciyarta har aka yi la'asar.

*

Rumfar taron tana can ƙasan gari, kusa da inda aka jera buhunan yashi. Bana ruwa ya zo da fushi. Ya cinye gonakin tattasai, ya kawo har bayan unguwa, daga cikin rumfar ma ana jin sa yana gurnani.

Ilu ne ya tare su a ƙofa, yana zaune a kan kekensa da ƙafa ɗaya a ƙasa. Da ɗan kabu-kabu ne. Tun da aka hana babur a jihar ya koma dakon kaya a keke, Diffa zuwa Gagamari, Gagamari zuwa Diffa, har ƙwaurinsa suka zama kamar taɓare.

"Wushe, wushe, bayin gidanmu! Giwan Ruwa, ka dai ci abinci? Kar ka je ka shanye musu tekun, na san cikin Barebari."

"Kai dai ka ɗaure ƙafar wandonka," in ji Ari, "kar sarƙa ta tuɓe ka a gaban Turawa. Bafulatani ba saniya, ba babur, sai keken aro."

"Nawa ne!"

"Tayar baya ce taka."

Aka yi dariya. Falmata ta wuce ɓangaren mata ta zauna kusa da Maimunatu. Ta kama hannunta ta matsa. Maimunatu ta matsa mata ita ma, amma idonta na wani wuri.

Goni Abbakar, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar, ya buɗe da addu'a. Da aka shafa ya gyara zama.

"To jama'a. Gari uku. Tafiya ɗaya ce, ba a ce mana za a sake ba. Kowa ya faɗi nasa, amma a taƙaice, Ilu."

"Allah gafarta Goni, ban ce komai ba tukuna."

"Shi ya sa na riga ka."

Wani daga baya ya ce Yamai, ko ba komai a ga babban birni.

"Yamai wurin bin takarda ne," in ji wata tsohuwa. "Na je sau ɗaya neman ta ɗana, ƙafata ce ta kumbura. Ba hutu a Yamai."

"Ga dorina a kogin," in ji Ilu. "Ta ga Giwan Ruwa ta ce ɗan'uwa ya zo, ta riƙe mana shi kwana uku."

Falmata ta tattara numfashinta.

"Ni dai na ce Damagaram."

Kawuna suka juyo. Ba a saba jin muryarta a taro ba.

"Kusa ce. Tsofaffi za su iya. In wani abu ya faru a gida, a yini ɗaya mun dawo."

"Ya Falmata, Damagaram kuma?" Ilu ya riƙe baki. "Inda muke kai tattasai? Ai wannan ba tafiya ba ce, aike ne."

"Akwai masu goyon bayana." Ta taɓa Maimunatu da gwiwar hannu. "Ko ba haka ba?"

Maimunatu ta buɗe baki, amma Madam Rashida ta riga ta tashi. Doguwar budurwa ce mai koyar da wasanni a lakwal ɗin 'yan mata. Ta ɗaga portabul ɗinta.

"Kafin a ɗaga hannu, mata ba su ga wannan ba. Wancan karon maza suka rufe shi."

Wayar ta fara yawo daga hannu zuwa hannu. Farin yashi. Itatuwan kwakwa. Ruwa shuɗi yana tasowa yana kwanciya. Mata suka dunƙule a kai, masu goyo na leƙe ta kafaɗa. Da ta iso hannun Maimunatu sai ta riƙe ta ta ƙi sakewa.

"Madam, ina tsallaken?"

"Wane tsallake?"

"Ɗaya gaɓar. Inda ruwan ya ƙare."

"Babu. Haka yake har inda ido ya tsaya."

"Babu tsallake." Maimunatu ta ƙura wa wayar ido. Mijinta a bakin kogi aka harbe shi, daga ɗaya gaɓar, yana ban ruwan tattasai. "Wato mutum ya zauna ya kalli ruwa, ba wanda zai ƙetaro."

Ta miƙa wa ta kusa da ita wayar.

"Falmata, ki yafe mini," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Ina so in zauna a bakin wannan ruwan ko sau ɗaya. In juya masa baya in ci abinci."

Goni ya ce a ɗaga hannu. Bai ma gama faɗin Kwatano ba hannuwa suka tashi, na maza, na mata, har da na tsohuwar da ƙafarta ta kumbura. Wata ta rangaɗa guɗa. Falmata ta duba ɓangaren maza. Hannun Ari na sama, ya fi na kowa tsawo, fuskarsa da murmushi kamar an ɗinka masa.

"To, magana ta ƙare," in ji Goni. "Allah ya sa..."

"Bai iya iyo ba."

Ba ta san ta miƙe ba sai da ta ji zanenta na zamewa, ta kama shi.

"Na'am, 'yata?"

"Baban Fiddausi bai iya iyo ba. In kuka kai shi teku, gawarsa za ku dawo da ita. In ma an samu gawar."

Sai Ilu ya fashe da dariya, har ya riƙe sirdin keke. Dariyar ta bi rumfar kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

"Wayyo cikina! Ya Falmata, in tsoron matan Kwatano kike, ai da ke za a je. Ni zan tsare miki shi."

"Giwan Ruwa bai iya iyo ba! Gobe a ce Goni bai iya Fatiha ba."

"Kai, ka kiyayi bakinka," in ji Goni, amma shi ma gemunsa na rawa.

Madam Rashida ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta matso ta rage murya.

"Inna Falmata, na san tsoro ne. Akwai masu ceto a jirage, ba a barin mutum shi kaɗai. Kuma ni a bayansa na ƙetare Komadugu. Ina yarinya, na riƙe wuyansa har na yi masa rauni da farce. Ba labari aka ba ni ba."

"Me ke ƙarƙashin ƙirjinsa ranar?"

"Gora mana."

"To." Falmata ta juya ta fuskanci ɓangaren maza. "Ku da kuka tashi tare da shi. Ku da kuka yi su tare da shi. Mutum ɗaya ya tashi ya ce ya taɓa ganinsa a cikin ruwa ba gora. Mutum ɗaya. Ya dafa Alƙur'anin Goni ya faɗa, ni kuma in durƙusa in ba kowa haƙuri."

Dariyar ta fara yankewa, nan da can, kamar ruwan sama mai ɗaukewa.

Zarami, tsohon masunci da suka yi ƙuruciya tare a Geskeru, ya soshi ƙeyarsa.

"Ai lokacin da muke yara, in mun je wanka a mashaya, shi yana..." Ya tsaya. "Babansa ba ya bari. To amma da muka girma, ranar da jirgin Alkali ya kife..." Ya sake tsayawa. Bakinsa ya kasance a buɗe.

"Ranar fa?" in ji Ilu. Ba dariya a muryarsa yanzu.

"Da gora ya je."

Ba wanda ya motsa. Ana jin kogin sosai.

Duk idanu suka koma kan Ari. Yana zaune yadda yake, hannuwansa a kan gwiwa, murmushin na nan bai ƙaru ba bai ragu ba. Falmata ta so ya dube ta, ko da harara ce. Bai duba ba.

Goni ya yi gyaran murya.

"Ari, ɗana. Iyalinka ta faɗi magana mai nauyi. Ka ce e ko a'a. Abin da ka faɗa a nan zai tsaya, ba zai fita rumfar nan ba."

Amma a bayan Goni samari biyu sun riga sun ɗaga wayoyinsu. Ari ya gan su. Falmata ta ga ya gan su.

Ya miƙe a hankali, ya kakkaɓe rigarsa.

"Allah gafarta Goni, me ya kawo tambaya? Ga ruwa nan bayan buhuna."

Ya sa takalmansa ya fita.

Samari suka yi ihu. Nauyin da ya danne rumfar ya tashi lokaci ɗaya, mutane suka miƙe suna ture juna. "Giwa! Giwa!" Wata ta ce ai ta san za a rina, mace ba ta zubar da mijinta a gaban jama'a ta kwana lafiya. Wani ya ce a bar shi ya wanke kansa.

Falmata ta cafke hannun keken Ilu.

"Ka je gida. Goran na rataye a ƙusa, jikin ɗakin girki. Ka ɗauko."

"Ya Falmata, da gaske kike?"

"Ka dubi fuskata."

Ya duba. Ya juya keken, ya miƙe tsaye a kan feda, ya yanki hanya. Gidan yana can ƙarshen gari ta arewa, bayan kasuwa, kuma yau ranar cunkoso ce.

Ta ruga ta cim ma Zarami.

"Baba Zarami, in ya nutse za ka shiga?"

Tsohon na tafiya yana haki.

"'Yata, kin ga ruwan bana? Ko da gora ba na shiga. Yaran nan kuwa a kan tudu suka girma, rabonsu da kogi tun suna goye."

"Jirgi fa?"

"Wane jirgi? Tun da aka hana su, waɗanda ba a fasa ba sun zama itacen girki."

Ta wuce shi.

A kan buhunan yashi jama'a sun yi layi, har da mutanen unguwa da suka ji ihu suka fito. Ruwan ja ne, mai kauri, yana tafe da rassa da karan gero da wata matacciyar tunkiya mai juyawa. Ɗaya gaɓar ta yi nisa, sai kan itatuwa kaɗai ake gani.

Ari ya tsallaka buhunan ya sauka. Ya cire hula, ya cire riga, yana ninkewa a tsanake kamar zai sa a akwati.

Goni ya iso ana riƙe da hannunsa.

"Ari! Na hana ka."

"Allah gafarta Goni, ban taɓa ƙetare maganarka ba." Ya russuna. "Amma in ka hana ni, ka gaskata ta ke nan a gaban mutanen nan. Ka gaskata ta?"

Goni ya dubi Falmata. Ya dubi wayoyin. Ya dubi ruwan. Leɓɓansa suka yi motsi, carbinsa ya yi motsi, magana ba ta fito ba.

Falmata ta zame ta kan buhunan, laka ta kama ƙafarta har idon sawu. Ta sha gabansa.

"Baban Fiddausi."

Ya miƙa mata rigar da hular. Ta ƙi karɓa. Ya ɗora mata a kafaɗa.

"Ka sake ni," ta ce, yadda shi kaɗai zai ji. "Ka sake ni a nan, yanzu, a gaban kowa. Ka ce na haukace. Ka ce tun rasuwar Iya kaina ba daidai yake ba. Zan yarda. Zan yi birgima a lakar nan su gani."

"Zarami fa? Shi ma ya haukace?"

"Ka jira Ilu. Ya tafi ɗauko..."

"Na ga fitarsa."

"To ka jira shi. Don Allah. Don darajar Iya."

Ya kalli ruwan ta saman kanta. Da ya yi magana, muryarsa a kwance take, irin wadda yake tambayarta ko an ba awaki dusa.

"Da kin yi shiru, Falmata, ina da wata biyu."

Maganar ta shige ta kamar sanyi. Ta juya da sauri, ta fuskanci mutanen da ke kan buhuna, ta ɗaga hannuwa biyu.

"Ƙarya na yi! Jama'a, ƙarya na yi! Ya iya! Wallahi ya fi kowa iyawa! Tsoron tafiyar nake, shi ya sa na ƙaga! Ku yafe mini, ku koma gida!"

Ihu ya tashi, har da tafi.

"Mun faɗa!"

"Kin ji kunya dai!"

"To tunda ya iya, a bar shi ya nuna mana! Giwa, ko zuwa itacen can ka dawo!"

"Giwa! Giwa! Giwa!"

Madam Rashida na ture mutane tana cewa a dakata, a dakata, amma muryarta ta ɓace a cikin tasu. Maimunatu ta rufe fuskarta da mayafi.

Falmata ta juyo. Ba ya bayanta.

Ruwa ya kai masa gwiwa.

"Baban Fiddausi!"

Ta bi shi. Laka ta riƙe ƙafarta ɗaya, ta faɗi a kan hannuwa, rigarsa ta zame daga kafaɗarta ruwa ya ɗauke ta. Wasu mata suka sauko suka kama ta ta baya, suna cewa ta bar shi mana, ai ta gama nata.

Ruwa ya kai masa ƙugu. A nan ya ɗan tsaya. Ta ga kafaɗunsa sun ɗaga sun sauka.

Ta waiga hanyar gari. Amalanke ɗaya, da yara masu gudowa kallo. Ba keke.

Ya ƙara taku. Ciki. Ƙirji. Ruwan na tura shi gefe, yana turjewa. Hannuwansa biyu suka miƙe gaba suka lanƙwashe da kansu, suka rungumi wurin da babu komai.

Zarami ya gani. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi."

"Ari!"

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunan ba. Ya ji. Ya juyo da kansa kaɗan, ya dube ta, ruwa na dukan haɓarsa.

Sai ya ɗaga ƙafafunsa daga ƙasa.